Shugaba Sam na ƙasar Kangan: mugu ne tun asali, ko fadawa ne suka lalata shi?

Malamin_Adabi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na gama sake karanta littafin Chinua Achebe na 1987, Anthills of the Savannah, domin zan koyar da shi a wannan zangon, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ga waɗanda ba su karanta ba, labarin wata ƙasa ce ta ƙirƙira a Afirka ta Yamma mai suna Kangan, babban birninta Bassa. Shugabanta soja ne, ana kiransa Sam. Ba shi ya kitsa juyin mulkin da ya kifar da farar hula ba, ƙananan hafsoshi ne suka yi, sannan suka kira shi a matsayinsa na kwamandan soja suka ce ya hau. Ya hau yana tsoro, bai san ta inda zai fara ba, sai ya jawo abokansa na makarantar Lord Lugard: Chris Oriko ya zama kwamishinan yaɗa labarai, Ikem Osodi ya zama editan jaridar gwamnati. Kafin a je ko'ina ya nemi a yi masa shugabancin mutu-ka-raba, ya sa an kashe Ikem, aka shiga farautar Chris, shi ma daga ƙarshe sojojinsa suka kawar da shi.

Ra'ayina shi ne Sam ba mugu ba ne tun asali. Waɗanda suka kewaye shi ne suka ƙera shi, har da abokan nasa biyu da muke yi wa kallon jarumai. Wa ya yarda, wa bai yarda ba?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam Malam. Ban yarda ba sam. Mutum ya hana a ci gaba da haƙa rijiyoyin burtsatse a lardin da fari ya cinye, don kawai sun ƙi zaɓensa, sannan a ce fadawa ne? Wane bafade ne ya riƙe masa hannu? Mutanen Abazon suna mutuwa da ƙishirwa, dattawansu suka yi tafiya mai nisa har fada don su roƙe shi ya je ya gani da idonsa, ya ƙi fitowa ya gan su. Wannan baƙar zuciya ce.

Dan_Zazzau77:
Malam da gaskiyarka ta wani ɓangaren. Ku tuna da zaman majalisar zartarwa da littafin ya buɗe da shi. Manyan 'yan boko ne a zaune, furofesa, lauya, masu digiri bisa digiri, amma aikinsu kullum shi ne karanta fuskar maigida. In ya yi murmushi su fashe da dariya, in ya haɗe rai kowa ya sunkuyar da kai. Kwamishinan ilimi har nutsewa yake cikin kujerarsa don tsoro. Mutumin da aka yi wa haka shekara da shekaru, ko waliyyi ne sai kansa ya kumbura.

Ummu_Hanan:
To ai tsoronsa suke ji, Dan_Zazzau. Wa ya dasa musu tsoron? Ba shi ba ne?

Dan_Zazzau77:
Anti, a farko shi ne mai jin tsoronsu. Chris da kansa ya faɗa cewa a watannin farko abin da ya fi tayar wa Sam hankali shi ne kada jama'a su fito zanga-zanga su ce ba sa so. Da a lokacin aka sami mutum uku a majalisar suka saba masa da jin "a'a", da wataƙila bai kai inda ya kai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Barista_Kt:
Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne babban lauyan gwamnati. Sam ya kira shi shi kaɗai ya tambaye shi ko Chris yana yi masa biyayya. Maimakon ya ce ba shi da hujja, sai ya shiga zuba: wai matsalar Chris ita ce har yanzu yaron da suka yi makaranta tare yake gani, ba shugaba ba, wai su da suka yi makarantun ƙauye ba su da matsalar durƙusa wa mutum irinsa. A aikinmu ba abin da ya kai wannan muni. Mutumin da aka ɗauka don ya gaya wa gwamnati inda doka ta tsaya, ya koma mai kai gulma. Amma ku lura da abu ɗaya, Sam ne ya kira shi. Tambayar daga bakin Sam ta fito, da zargin a ransa ya zo. Lauyan ya ba shi abin da ya zo nema ne kawai.

Malamin_Adabi:
Barista ka kawo magana mai kyau, amma daga ina zargin ya samo asali? Littafin ya nuna mana. Sam ya tafi taron ƙungiyar haɗin kan Afirka karo na farko, ya haɗu da tsoffin shugabannin da suka daɗe a kan mulki, musamman wani dattijo Ngongo, shugaban mutu-ka-raba. Shi ya ja shi gefe ya gargaɗe shi cewa babban hatsarinsa abokansa ne na ƙuruciya. Ya dawo gida da wannan huɗubar, har da salon maganar dattijon ya kwaikwayo. Kun ga ke nan ko zargin ma aro shi ya yi.

Sojan_Baya:
Ku ba tsohon soja dama ya sa baki. Na yi aiki zamanin mulkin soja, ban kai babban muƙami ba amma na ga yadda abin yake daga ciki. Abin da farar hula ba sa ganewa shi ne horonmu gaba ɗaya a kan umarni aka gina shi. Na sama ya faɗa, na ƙasa ya aikata, in kana da ƙorafi sai bayan ka aikata. Wannan a bariki daidai ne, domin in an tsaya muhawara a fagen fama mutuwa za a yi. To ka ɗauki mutumin da aka yi wa wannan horon a Sandhurst, makarantar horar da hafsoshin soja ta Ingila, ka ɗora shi a kan ƙasa mai manoma da 'yan kasuwa da ɗalibai da direbobin tasi, duk wanda ya ce masa a'a, a kunnensa tawaye ne. A ƙuri'ar raba-gardama kan shugabancin mutu-ka-raba, lardi uku sun ce e, lardi ɗaya, wato Abazon, ya ce a'a. Ɗan siyasa zai ce na ci uku cikin huɗu, alhamdu lillahi. Soja kuwa zai ce akwai bataliya ɗaya da ta ƙi bin umarni, sai an hukunta ta don sauran su gani. Ba kare shi nake ba. Ina gaya muku yadda ƙwaƙwalwarsa ke lissafi ne.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Baba Soja Allah ya ƙara lafiya. Amma ai ba duk soja ne haka ba. Janar Abdulsalami ya karɓa a 1998 ya miƙa a watan Mayun 1999. Obasanjo ma ya miƙa wa Shagari a 1979.

Sojan_Baya:
Haka ne 'yata. Amma Obasanjon da kika ambata, da ya dawo a farar hula ai kin ga yadda maganar wa'adi na uku ta taso, sai da majalisar dattawa ta yi watsi da ita a watan Mayun 2006. Kujerar tana da nata ciwon, ko da kaki ko da babbar riga.

Kwankwason_Gini:
Ni dai tambayata ɗaya, wa Achebe yake nufi da Sam? Na ji wasu na cewa Babangida ne, saboda an kashe edita a littafin, kuma an kashe Dele Giwa na mujallar Newswatch da bam a cikin wasiƙa a watan Oktoban 1986.

Barista_Kt:
A yi hattara da wannan. Har yau babu kotun da ta kama wani da laifin kisan Dele Giwa, kada mu ɗora wa kowa a zaure. Kuma littafi irin wannan ba a shekara ɗaya ake rubuta shi ba. Shekara 21 ce tsakaninsa da ƙagaggen littafinsa na baya, wanda ya fito a 1966. In kamanni ake nema, akwai na Gowon ma: ya yi Sandhurst, ba shi ya jagoranci juyin mulkin Yulin 1966 ba amma shi aka ɗora, yana da shekara 31. A 1974 ya ce alkawarin miƙa mulki a 1976 ba zai yiwu ba, aka hamɓarar da shi a watan Yulin 1975 yana taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Kampala. Sai dai Gowon bai nemi mutu-ka-raba ba, kuma ba a san shi da halin Sam ba. Mutu-ka-raba kuwa a lokacin ta cika nahiyar: Banda na Malawi a 1971, Bokassa a 1972, Idi Amin a 1976. An ɗebo nan an ɗebo can ne aka haɗa mutum ɗaya.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni ban karanta littafin ba, Turancin Ingilishi bai zauna mini ba, da Faransanci muka yi karatu. Amma da nake bin bayaninku sai na ga kamar labarinmu kuke badawa. Mu nan fari shi ke kada gwamnati. Diori Hamani ya faɗi a watan Afrilun 1974, Seyni Kountché ya kifar da shi, kuma cikin dalilan da sojoji suka bayar har da yadda aka yi da taimakon abinci lokacin yunwa. Sannan Baba Tandja. Mutumin nan talakawan karkara sun so shi ƙwarai, an zaɓe shi a 1999 aka sake zaɓensa a 2004. A 2005 da aka yi ƙarancin abinci ya ce babu yunwa a ƙasar. Da wa'adinsa ya zo ƙarewa aka fara gangamin tazarce, ana cewa jama'a ne suke roƙonsa ya ƙarasa ayyukan da ya fara. Kotun tsarin mulki ta ce bai halatta ba, ya rushe ta, majalisa ma ya rushe ta, aka yi ƙuri'ar raba-gardama ranar 4 ga Agustan 2009. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 da rana tsaka sojoji suka shiga fada ana cikin taron ministoci suka kama shi. Na tuna ranar, muna kasuwa kowa ya manne da rediyo. To ni har gobe ban ce Tandja mugu ne ba. Masu cin abinci a gindinsa ne suka ga in ya tafi tasu ta ƙare.

Malamin_Adabi:
Madalla Dan_Maradi, ka ƙarfafa mini gwiwa. Wanda ke kusa da shugaba ya fi shugaban tsoron ranar sauka.

Ummu_Hanan:
Malam kada ka yi saurin murna. Tandja bai sa an je gidan edita da tsakar dare an tafi da shi ba a sake ganinsa ba. Sam ya yi. Ga bambancin nan. Fadawa za su iya sa ka so zarcewa, wannan na yarda. Amma ka amince a kashe wanda kuka yi makaranta tare, wannan daga cikinka yake fitowa.

Zee_Buk:
Ina aji uku a jami'a, mun yi littafin bara. Abin da malamarmu ta nuna mana wanda ban lura da shi ba da farko: Sam bai taɓa ba da labari da bakinsa ba. Chris ya yi magana a matsayin shaida na farko, Ikem shaida na biyu, Beatrice, budurwar Chris, ta karɓa daga baya. Duk abin da muka sani game da zuciyar Sam, daga bakin waɗanda suka ɓata da shi muka ji, ban da 'yan wuraren da marubucin ya leƙa ofishinsa. Saboda haka wannan gardamar da kuke yi, shari'a ce ake yi ba a ji ta bakin wanda ake ƙara ba. Kuma Ikem ya kawo wani abu: tun suna yara Sam ɗan kwaikwayo ne. Likita ya so zama, shugaban makarantarsu Bature ya nuna masa aikin soja shi ne na manyan mutane, ya bi. Ya je Ingila ya kwaikwayi Turawa masu hali, har da lofe da irin kiɗansu. Ya haɗu da Ngongo ya kwaikwaye shi. Ni a ganina ba mugu ba ne kuma ba nagari ba ne, ba shi da nasa ne. Duk wanda ya fi burge shi a lokacin, shi yake zama.

Barista_Kt:
Zee wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi tun safe. Amma a shari'a, rashin naka ra'ayi ba ya wanke ka. Wanda ya sa hannu shi ke da laifi.

Alhaji_Na_Kantin_Kwari:
Ku 'yan boko kuna da wahalar da kai. Ƙasar ma babu ita, mutumin babu shi, kun cika mana waya da saƙo. Ga shinkafa ta gagari talaka.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Alhaji ai kai ma na san ba ka wuce Kwana Casa'in a Arewa24. Alfawa ɗin a taswira take? Amma in an taɓa gwamnan ciki sai ka ji mutane suna rantsuwa sun san da wa ake.

Alhaji_Na_Kantin_Kwari:
Hajiya wannan ai da Hausa ake yi, kuma ana ganin fuska. To ku ci gaba, ina karantawa.

Manomi_Dan_Gaske:
Maganar rijiyoyin nan da Ummu_Hanan ta kawo, ni ba a littafi na gan ta ba. A mazaɓarmu an zo kafin zaɓe da motar haƙa, aka kafa ta a bakin makarantar firamare, aka fara aiki, yara suna ta murna suna kallon laka na fitowa. Aka yi zaɓe akwatinmu bai ba wanda ya turo motar ba. Ba a yi mako biyu ba suka naɗe kayansu. Bututun da suka saka yana nan har yanzu ya leƙo daga ƙasa kamar taku ɗaya, an toshe bakinsa da tsumma da leda don kada yara su zuba duwatsu. Matanmu suna tafiya ƙauyen gaba da jarkoki a kan amalanke. Ba zan kira suna ba. Da muka tura dattawa, ba su ga mai gidan ba, wani yaronsa ne ya fito ya ba su kuɗin mota. Saboda haka in an ce mini fadawa ne, sai in ce to, amma shi mai gidan bai taɓa tambaya ina aka kwana da rijiyar garin kaza ba?

Zee_Buk:
Baba Manomi, abin da ya faru a littafin ke nan kusan daidai. Sam ya tura Furofesa Okong ya tarbi dattawan Abazon, ya ce a ba su haƙuri a ce yana kan waya da wani babban mutum, a ɗauki hoto a sallame su. Kuma dattijon da ya jagorance su ya faɗa a fili cewa sun zo ne su ce e, tunda sun gane a'a ɗinsu ce ta jawo aka rufe rijiyoyin. Wato sun zo miƙa wuya ne ma, amma aka kama shugabanninsu shida aka kulle. Dattijon ne ya ba da tatsuniyar kunkuru da damisa: damisa ta kama kunkuru za ta kashe shi, ya roƙi ta ba shi ɗan lokaci, ya shiga tona ƙasa yana watsa rairayi ko'ina. Ta ce me kake yi? Ya ce so nake in na mutu, duk wanda ya wuce ya ce an yi gumurzu a nan.

Dan_Zazzau77:
Wannan wurin shi ya nuna Sam ba ɗan siyasa ba ne ko kaɗan. Mutane sun zo da kansu za su ba ka abin da ka nema, ka fito minti biyar ka sha hannu da su, ka ce a buɗe rijiyoyi, ka zama gwarzo. Ko don son kansa ya kamata ya fito. Tsoro ne ya hana shi. Da ya ji hayaniyarsu a harabar fada ai firgita ya yi, ya ɗauka an zo kifar da shi ne.

Mai_Nazari:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ina so in koma kan rabin maganar Malamin_Adabi da kowa ya tsallake, wato laifin Chris da Ikem. Chris shi ya taimaka aka zaɓo da yawa daga kwamishinonin nan, har da Okong. Ya ga abin yana lalacewa, ya zauna, yana cewa in ya fita wa zai rage ɓarnar, yana rubuta abin da ke faruwa a littafinsa na sirri. Shi da kansa ya ce ya duba baya ya kasa gano ranar da abu ya karkace. Dalili kuwa shi ne kullum ƙaramin abu ne ake haɗiyewa. Sai da aka ce ya dakatar da Ikem daga aiki sannan ya ce ba zai yi ba, a lokacin kuwa hukumar tsaron Manjo Ossai ta riga ta fi ƙarfin kowa. Ikem shi kuma yana da gaskiya amma ba shi da dabara. Ya je jami'ar Bassa, aka tambaye shi jita-jitar cewa za a buga hoton shugaba a kan kuɗi, ya ba da amsar barkwanci cewa shugaban da ya ɗora kansa a kan kwabo yana gayyatar a cire kan ne. Washegari jaridar da ya bari ta buga cewa tsohon edita ya yi kiran a kashe shugaba. Ya san da wa yake yi, ya miƙa musu wuƙa. Kuma su ukun suna da ciwo ɗaya wanda Beatrice ta gaya wa Chris ido da ido: suna ɗaukar tarihin Kangan labarin su uku ne. Ƙasa guda ta zama rigimar tsofaffin ɗaliban makaranta ɗaya.

Ummu_Hanan:
Yanzu kuma wanda aka kashe ne mai laifi don ya yi barkwanci? Haba Mai_Nazari. Ko bai faɗi wannan ba za su samo wata. An riga an dakatar da shi kafin laccar.

Mai_Nazari:
Ban ce shi ya kashe kansa ba, Anti. Na ce su ma suna cikin waɗanda suka gina gidan da ya rufta musu. Ikem editan jaridar gwamnatin soja ne fa, ba ta 'yan adawa ba. Albashinsa daga wurin Sam yake fitowa.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni Beatrice ce ta burge ni. An kai ta gidan shaƙatawar shugaba a Abichi, ta ga yadda wata 'yar jarida Ba'amurkiya take yi wa shugaban ƙasa da manyan hafsoshinsa lacca kan biyan bashin waje suna gyaɗa kai, ta ja shi gefe ta gaya masa abin da mazan majalisarsa suka kasa. An kore ta daga wurin a daren, amma ta faɗa. Kuma ku duba, mutumin da ya ƙi fitowa ya ga dattawan ƙasarsa, ga shi yana rawar jiki a gaban baƙuwa.

Kwankwason_Gini:
Wani abu da ya ɗaure mini kai: Abazon a arewa take, ga fari, ga doguwar hanyar mota zuwa can. Amma dattijon nasu karin maganarsa da abubuwan da yake ambata duk na ƙasar Ibo ne. Sannan wanda ya yi juyin mulkin ƙarshe sunansa Janar Ahmed Lango. Ba wani saƙo a ciki kuwa?

Malamin_Adabi:
Ban ga saƙo ba. Kangan ba Najeriya ba ce da aka sauya wa suna, da gangan aka cakuɗa ta don kada kowa ya ce yankinsa ake nufi. Marubuci kuma daga rumbunsa yake ɗiba. In sunaye ne, wanda ya yi ta taimakon Beatrice a ɓoye daga cikin hukumar tsaro Kyaftin Abdul Medani ne, direban tasin da ya ɓoye Chris a ɗakinsa kuma Braimoh. Mai azabtar da mutane kuwa Johnson Ossai. Kada mu manta Achebe ya shiga jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, har ya riƙe muƙamin mataimakin shugaba na ƙasa a 1983, kuma a ɗan littafinsa na wannan shekarar kan matsalar Najeriya, Malam Aminu ne ya kafa misali da shi na shugaban da ya tsaya wa talaka.

Barista_Kt:
To Malam ka kawo hujjar da za ta kayar da kai. A wannan ɗan littafin ai cewa ya yi matsalar Najeriya gazawar shugabanci ce, ba ƙasa ba, ba ruwa ba, ba iska ba. Bai ce gazawar fadawa ba.

Malamin_Adabi:
Barista, kwamishina ba shugaba ba ne? Babban lauyan gwamnati fa? Shugabanci ai ba mutum ɗaya ba ne.

Sojan_Baya:
Ku dubi ƙarshensa ku gani. Wanda ya fi amincewa da shi a soja, babban hafsan hafsoshinsa, shi ya fito a rediyo ya ce wasu da ba a sani ba sun sace shugaba, don haka ya karɓi ragama. Ba a ma ga gawarsa a fili ba. Ya kori abokan da za su gaya masa gaskiya don tsoron kada su ci amanarsa, ya bar masu bindiga. Haka aka yi wa Ba'are Mainasara a filin jirgin Yamai a watan Afrilun 1999, masu tsaronsa ne suka harbe shi. Dan_Maradi zai gyara mini in na kauce.

Dan_Maradi:
Haka ne Baba, ranar 9 ga wata, Daouda Malam Wanke ya hau. Sai dai huɗubar dattijo Ngongo ba ƙarya ce zalla ba. A shekarar da kuka ce littafin ya fito, 1987, a watan Oktoba aka kashe Thomas Sankara a Wagadugu, amininsa Blaise Compaoré ya hau ya yi shekara 27. Shugaban da ke tsoron abokinsa ba hauka yake ba.

Ummu_Hanan:
Compaoré yana da sojoji a hannunsa. Ikem alƙalami gare shi da tsohuwar mota. In Sam ya kasa bambance wanda zai iya kifar da shi da wanda zai iya ɓata masa rai kawai, to wannan ma nasa ne, ba na fadawa ba.

Zee_Buk:
Malam, in za ka ba ɗalibanka tambaya, ka tambaye su me ya sa da labarin juyin mulki ya iso kan hanyar Abazon, mutane suka hau shan giyar da aka kwashe daga wata mota suna murna, ba wanda ya tambayi wane ne Lango. A cikin wannan murnar ce wani sajan ɗin 'yan sanda ya ja wata ɗaliba zai yi mata fyaɗe, Chris ya hana, ya harbe shi. Sam ya riga ya faɗi a lokacin. Ba Sam ne ya ba sajan umarni ba.

Manomi_Dan_Gaske:
Mu ma mun yi murna a 1983 da aka kifar da Shagari, muka sake yi a 1985. Ina da wayo lokacin.

Dan_Zazzau77:
Kuma a 1998 jam'iyyu biyar suka tsayar da mutum ɗaya, Janar Sani Abacha, takara, aka kwashi matasa zuwa Abuja gangamin roƙonsa ya zarce. Shekara 11 bayan fitowar littafin ke nan. Waɗanda suka shirya wannan ba sojoji ba ne, 'yan siyasa ne da 'yan boko, da yawansu kuma sun ci gaba da harkarsu bayan 1999. Shi ya sa har yanzu ina bayan Malam, ko da kashi sittin ne.

Ummu_Hanan:
Ni kashi sittin ɗin na Sam ne, arba'in ku raba wa sauran. Malam, wane bugu kake amfani da shi? Na ɗana ya ɓace, kuma ina so in sake duba wurin da aka kama dattawan nan, don ina ganin kafin a dakatar da Ikem ne aka shirya kama su.

Malamin_Adabi:
Na Heinemann ne, tsohon bugu. Zan duba wurin da daddare in turo shafin. Barista kuma ban gama da kai ba kan maganar wanda ya sa hannu, domin takardar dakatar da Ikem ba Sam ne ya sa mata hannu ba, kuma Chris ya ƙi. Wani ne a tsakani ya yarda ya sa.